Metallica da makaɗan bes ɗinta uku: a daina auna Newsted da ma'aunin mamaci

Duk inda masoya kiɗan metal, wato nau'in kiɗan rok mai nauyi da ƙara, suka haɗu, da wuya a tashi ba a taɓo gardamar nan da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa ba, wato wane ne gwani a cikin mutanen da suka riƙe jitar bes a ƙungiyar Metallica ta Amurka. Galibi hukuncin a shirye yake tun kafin a fara muhawarar: Cliff Burton ne sarki, Robert Trujillo ƙwararren ma'aikaci ne, shi kuwa Jason Newsted cike gurbi kawai ya yi. Ni dai ina ganin akwai zalunci a wannan jeri, domin ana auna mutum uku da mudu ɗaya alhali ba aiki ɗaya aka ba su ba, kuma ba fili ɗaya aka buɗe musu ba.

Ga wanda bai saba da wannan kiɗa ba, bes ita ce jita mai kaurin murya, yawanci mai tsirkiya huɗu, wadda aikinta shi ne ɗaure ganguna da sauran jitoci wuri guda. Idan tana nan ba kowa ke lura da ita ba, amma da zarar an janye ta sai kiɗan ya zama fayau kamar miyar da ba ta ji daddawa ba.

James Hetfield, mawaƙi kuma makaɗin jita, da Lars Ulrich, mai ganguna, su ne suka kafa ƙungiyar a Los Anjeles a 1981, kuma Ron McGovney ya ɗan riƙe musu bes kafin ya tafi a ƙarshen 1982. Yadda Burton ya shigo ya isa ya nuna matsayinsa. Su ne suka gan shi yana wasa da ƙungiyar Trauma, suka bi shi suna roƙo, shi kuma ya kafa sharaɗin cewa sai dai su tattara su koma yankin San Faransisko inda yake zaune, suka kuwa koma. Mutumin da aka yi ƙaura dominsa ba zai zauna a matsayin ɗan amshi ba. Burton ya fi su sanin ka'idojin kiɗa, ya koyi fiyano tun yana yaro, yana kaɗa tsirkiya da yatsunsa, yana kuma bi da sautin ta cikin na'urorin da ke sa bes ta yi kuka kamar jitar da ke jan gaba. A kundin Ride the Lightning na 1984 sunansa na cikin marubutan waƙoƙi shida daga cikin takwas. Babu mai hankalin da zai yi musun baiwarsa, kuma ni ma ba na yi.

Sai dai Burton ya rasu ranar 27 ga Satumba, 1986, lokacin da motar ƙungiyar ta kife a kusa da garin Ljungby na ƙasar Suwidin, yana da shekara 24 kacal. Kundi uku ya bari, dukkansu daga lokacin da ƙungiyar ke kan ganiyar ƙuruciya da yunwar suna. Bai kai zamanin da aka zarge su da sassauta kiɗa don neman kasuwa ba, bai kai lokacin da suka aske gashi magoya baya suka yi ta tsaki ba, bai tsufa a gaban jama'a ba. Mutuwa ta rufe littafinsa a shafi mafi kyau, kuma duk wanda zai gaje shi da wannan shafin za a riƙa gwada shi.

Wanda ƙaddarar ta faɗa wa shi ne Newsted, matashi ɗan shekara 23 daga ƙungiyar Flotsam and Jetsam, wanda aka ɗauka bayan kimanin wata guda da rasuwar, tun hawaye bai bushe ba. Halinsa ya yi kama da na amaryar da aka kai ɗakin marigayiya uwargida, komai ta dafa sai an ce ba haka waccan take yi ba. Sauran ukun, wato Hetfield, Ulrich da makaɗin jita Kirk Hammett, ba su zauna makoki yadda ya kamata ba, suka koma yawon wasanni, sai baƙin cikin ya riƙa fita ta hanyar cin fuskar sabon shiga, har da kutsa masa ɗakin otal da tsakar dare a hargitsa masa kaya. Daga baya su da kansu sun amsa cewa sun huce haushin rashin a kansa.

Babbar shaidar da masu raina Newsted ke kafawa ita ce kundin ...And Justice for All na 1988, inda kusan ba a jin bes ko kaɗan. Na sha sanya abin sauraro a kunne, na ƙure ƙarar waya, ina laluben sautinsa a ƙarƙashin jitar Hetfield, abin da nake samu bai wuce wani ɗan gurnani can nesa ba, kamar injin niƙa a unguwar maƙwabta. To amma wa ya rage ƙarar? Steve Thompson, ɗaya daga cikin waɗanda suka haɗa sautin kundin, ya bayyana cewa Ulrich ne ya sa a yi ƙasa da bes ɗin. Ke nan an rufe wa mutum baki, sannan an dawo ana cewa ba shi da murya. Da aka zo kundin 1991 mai baƙin bango, wanda Bob Rock ya jagoranci ɗaukarsa, aka ba bes haƙƙinta, sai ga nauyin hannun Newsted ya fito fili, kuma wannan kundin ne ya fi duk wani aikin ƙungiyar kasuwa.

Salonsa dabam ne da na Burton. Da ɗan maɓallin roba yake dukan tsirkiya, sautinsa a tsuke yake, yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da jitar Hetfield maimakon ya ware nasa hanya. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin ƙarancin fasaha, ni kuwa ina ganin abin da aka bar masa ke nan ya yi, ya kuma yi shi da gaske. A kan dandamali shi ne mai ƙwazon da ya fi na kowa, ga amshi da kakkausar murya wanda har yau magoya baya ke kewarsa. A cikin shekara goma sha huɗu da 'yan kai da ya yi da su, waƙoƙi uku kaɗai ke ɗauke da sunansa a jerin marubuta, kuma da ya nemi ya huce ƙishirwarsa ta ƙirƙira a wata ƙungiya ta gefe mai suna Echobrain, Hetfield ya ƙi. Ya ajiye aikin a Janairun 2001.

Trujillo bai sha wannan wahala ba. Ya shigo a 2003 yana da sunansa, bayan ya yi aiki da ƙungiyar Suicidal Tendencies da kuma mawaƙi Ozzy Osbourne, aka tarbe shi da kafin alƙalami na dala miliyan ɗaya, daga hannun mutanen da suka riga suka zauna da mai ba da shawara kan zamantakewarsu suka gane kurakuransu. Da yatsu yake kaɗawa, yana iya ɗauko sassan Burton masu wuya ba tare da gumi ba, kuma yanzu ya fi kowane makaɗin bes daɗewa a ƙungiyar, sama da shekara ashirin. Mutuncin da yake ci kuwa, a ganina, Newsted ne ya biya kuɗinsa.

A 2009, lokacin da aka shigar da Metallica zauren karrama gwanayen kiɗan rok a birnin Cleveland, Newsted da Trujillo sun tsaya kan dandamali ɗaya kowa da jitarsa, mahaifin Burton kuma ya karɓi karramawar a madadin ɗansa. An yi tsammanin wannan sulhu zai kai ga gyara tsohon laifi. Amma da aka sake fitar da kundin 1988 a 2018 don cikarsa shekara talatin, an tsabtace sautin an ƙara masa haske, ba a sake haɗa shi ba, bes ɗin tana nan a binne inda aka bar ta. Duk mai son jin abin da Newsted ya kaɗa a wannan kundi, sai dai ya nemi gyararrun da magoya baya suka yi da kansu suka ɗora a YouTube.