Kada ku gudu don rubutun ya yi muku baƙo

Ƙannena masu koyon rubuta manhaja, akwai ɗabi'ar da nake gani a wurinku, kuma tana damuna. Yaro ya yi wata shida da Java, hannunsa ya faɗa, sai a nuna masa wani harshen manhaja mai suna Lisp. Ya ga (+ 2 3) a inda ya saba ganin 2 + 3, ya ga baka cikin baka har guda biyar sun jeru a ƙarshen layi, nan take ya rufe kwamfuta ya ce mutanen nan wahalar da kai kawai suke so. Wallahi ba haka ba ne.

A Lisp, wadda John McCarthy ya ƙirƙiro a 1958, manhaja ita ma jeri ce, iri ɗaya da bayanan da take sarrafawa, ta yadda wata manhajar za ta karanta ta, ta gyara ta, har ta haifi sabuwa. Bakan da kuke ƙyama su ke nuna inda kowane jeri ya fara da inda ya tsaya.

Ku dubi x = x + 1 da kuke rubutawa kullum ba tare da kun tsaya ba. Ku kai wa malamin lissafinku na sakandare, zai ce ƙarya ne, babu lambar da ta yi daidai da kanta da ƙarin ɗaya. A C da Java umarni ne: buɗe akwatin x, ƙara ɗaya, mayar. Shi ya sa Niklaus Wirth ya yi amfani da := a Pascal, don kada a rikita umarni da daidaito. Haskell kuwa, da ta fito a 1990, ba ta da wannan akwatin. Abin da ka kira x ya zama x ke nan har abada, in ka rubuta mata layin can ka nemi amsa, ba za ka samu ba. To da me za ta yi kama da C, alhali tunanin ma ba ɗaya ba? In kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya.

Kamannin ma yaudara yake yi. A 1995 an umarci Brendan Eich ya sa JavaScript ta yi kama da Java, alhali cikinta ya fi kusa da wasu harsuna biyu, Scheme da Self. Mutane suka yi shekara da shekaru suna tuntuɓe, suna zaton tunda riga ɗaya ce hali ma ɗaya ne.

Prolog, wadda Alain Colmerauer da abokan aikinsa suka haɗa a Marseille ta Faransa a 1972, ba a ba ta umarni. Gaskiya kake faɗa mata, sannan ka yi tambaya:

kaka(X, Z) :- mahaifi(X, Y), mahaifi(Y, Z).

Wato X kakan Z ne idan shi ya haifi Y, Y kuma ya haifi Z. Daga Prolog ɗin nan harshen Erlang ya gaji salon rubutunsa, kuma da Erlang aka gina manhajar manyan kwamfutocin da ke tafiyar da WhatsApp ɗin da ke hannunku yanzu.

Don Allah ku ware mako biyu, ku sauke Prolog, ku shigar mata da sunayen danginku, wa ya haifi wa, sannan ku tambaye ta su waye jikokin kakanku.