Ranar da madabod ya fi ƙarfin akwati

Kyan akwatin kwamfutar ne ya ja ni. Ɗan ƙarami, baƙi wuluk, gefe ɗaya gilashi. Na hango shi a wani shago a titin Beirut da ke Kano, ban tambayi komai ba na biya. Da albashi ya shigo na koma sayen madabod, wato babban allon da ake jona sassan kwamfuta a kansa, mai shago ya ɗauko wani ƙato ya ce, "Yallaɓai, wannan ATX ne, ramin RAM, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, huɗu gare shi." Ni kuwa na ce ai huɗu ta fi biyu, a naɗe min.

Bayan isha'i na baje kaya a tabarma, ina ji da kaina kamar injiniya. Na sa madabod ɗin cikin akwatin a tsaye, ya ƙi. Na kwantar, ya ƙi. Na karkata shi ina lallaɓawa, kamar mai cusa faifai cikin moɗa. Gumi ya fara ɗiga.

Uwargida tana gefe tana kallo. Can ta miƙo min tef ɗin ɗinkinta ta ce, "Maigida, ko atamfa sai an auna ake yankawa."

Na auna: santimita 30.5 a tsaye, 24.4 a kwance. Na duba kwalin akwatin, sai ga Mini-ITX da manyan baƙaƙe, rubutun da tun ranar farko na ɗauka sunan kamfani ne. Ashe gidan madabod mai santimita 17 kowane gefe na sayo. Wallahi sai da zarto ya faɗo min a rai, na ce in ɗan rage gefen da ba na amfani da shi.

Allah ya taimake ni na fara kiran ɗan yayata. Sai da ya gama dariyarsa tas ya ce, "Kawu, kar ka yanka, hanyoyin wuta ne jere a cikin allon. Tun 1995 kamfanin Intel ya fitar da ma'aunin ATX, shi kuma Mini-ITX kamfanin VIA ne ya kawo shi a 2001, akwai Micro-ATX a tsakaninsu wajen girma. Ƙaramin madabod yana zama a babban akwati don ramukan kusoshin sun dace, amma babba ba ya shiga ƙarami ko da addu'a."

Washegari na koma kasuwa, aka ce kayan da aka ɓare ba a karɓa. Na sayo babban akwati na rungumo shi a Keke Napep kamar jinjiri. Na ɗaure kusoshi tara cif, na miƙe ina murmushi, sai na ga ɗan farantin ƙarfen da ake fara maƙalawa a bayan akwati yana kwance kusa da ƙafata. Haka na kwance taran nan ɗaya bayan ɗaya.

Ƙaramin akwatin yana nan kan keken ɗinki. Uwargida ta cika shi da zare, wai ta gilashin tana ganin kalar da ta kusa ƙarewa.