Jirginka na karkata da kansa? Ba rimot ɗin ba ne ya lalace

Masu buga wasannin yaƙin jiragen sama da ake tuƙawa ta hanyar karkata rimot ko waya sukan ce na'urar ta lalace da zarar jirgin ya fara jan gefe ɗaya. Galibi lafiyarta ƙalau.

Matsalar tana wajen "tsakiya". Yawancin wasannin nan suna ɗaukar yadda ka riƙe rimot lokacin farawa a matsayin tafiya miƙe. In ka fara kana kishingiɗe, daga baya ka tashi zaune, tsakiyar ta kauce, sai jirgin ya riƙa nutsa ko hawa. Ga kuma na'urar auna juyawa da ke cikin rimot ko wayar: saurin juyawa take aunawa, ba matsayi ba, don haka ƙananan kurakurai suna taruwa a hankali. Shi ya sa Wii MotionPlus, wani abu da ake jonawa a rimot ɗin na'urar wasa ta Wii, wanda kamfanin Nintendo ya fitar a 2009, yake buƙatar a kifa rimot a kan tebur ya tsaya cik kafin wasa, kuma wasan yaƙin jirage Star Fox Zero na 2016 ya ware maɓalli na musamman don maido da saiti tsakiya.

Gyaran ba wuya. Zauna yadda za ka yi wasan, ka jingina gwiwar hannu a cinya, sannan ka sake saita tsakiya. Juya da wuyan hannu kaɗan kaɗan. Wawurar rimot da kafaɗa ita ke sa ka wuce abokin gaba kana ta kai da komo. In har yanzu jirgin na rawa, rage saurin amsawa a cikin saiti.