Ndume ya fadi gaskiya, amma mu ga aiki

Ni dai wannan labarin da ya ce Sanata Ali Ndume baya tsoron kowa, gaskiya ne kam. Mutumin nan tun 2003 yake majalisar wakilai, 2011 ya haura majalisar dattawa daga Borno ta Kudu, majalisar ta dakatar da shi wata shida a 2017, sannan a 2024 jam'iyyarsa ta APC ta cire shi daga bulaliyar majalisa don kawai ya ce talaka na fama da yunwa kuma ba a iya ganin shugaban kasa. Kudirin haraji ma shi ya fito ya ce bai yarda ba, kuma yana cikin wadanda suka tsaya aka kafa hukumar raya Arewa maso Gabas.

Amma abin da ke ci min tuwo a kwarya shi ne yawancin kuri'ar majalisa da murya ake yi, masu cewa eh da masu cewa a'a a buga guduma shikenan, to ta yaya dan Gwoza ko Chibok zai san bangaren da sanatansa ya bi? A rika rubuta sunan kowa da abin da ya zaba mana, haba!