Kafin mu jefa ƙuri'a a zaɓen majalisar NIPR

Duk lokacin da zaɓen majalisar gudanarwa ta Cibiyar Hulɗa da Jama'a ta Najeriya (NIPR) ya matso, wayata takan cika da fostoci tun kafin in idar da sallar asuba. A kowane zauren WhatsApp na abokan aiki za ka tarar da hoton ɗan takara ya sha babbar riga ko kwat, ya harɗe hannuwa a ƙirji, a ƙarƙashin sunansa an jera digirori da lambobin yabo har sun kusa cinye rabin fostar. Ba na ganin laifin kowa a kan wannan, domin mai neman ƙuri'a dole ne ya tallata kansa. Abin da yake ba ni mamaki shi ne yadda mu, waɗanda sana'armu ce tsara irin waɗannan fostoci, muka san yadda ake zaɓen hoto da yadda ake ɓoye gurbin da babu abin faɗa a cikinsa, sai kuma ga shi suna tasiri a kanmu kamar ba mu taɓa shiga ɗakin da ake haɗa su ba.

Ina ganin tushen matsalar shi ne da yawa daga cikinmu mun manta irin kujerar da ake nema. NIPR ta faro ne a 1963 a matsayin ƙungiyar masu sana'a, ƙarƙashin jagorancin marigayi Sam Epelle, amma tun daga 1990, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fitar da Doka ta 16, ta tashi daga ƙungiyar sa-kai ta koma hukumar da doka ta ɗora wa alhakin tantance wanda ya cancanci yin wannan aiki a ƙasar nan. Ita ce take ƙayyade ilimin da ake buƙata, ita ce take riƙe da rajistar masu sana'ar, kuma ita ce take da ikon ladabtar da wanda ya saɓa ƙa'ida. Majalisar tana da mutum 22, membobi suna zaɓen 17, gwamnatin tarayya tana naɗa 5, sannan daga cikinsu ne ake fitar da shugaba da mataimakinsa. Ta wannan hanya ce Dakta Ike Neliaku ya gaji Malam Mukhtar Zubairu Sirajo a 2023, tare da Farfesa Emmanuel Dandaura a matsayin mataimaki. Ke nan wanda muka jefa wa ƙuri'a yau yana iya zama mai sa hannu a takardar da za ta hana wani aiki gobe, ko kuma mai kawar da kai idan babban mutum ya taka dokar.

Saboda haka tambayar da nake so kowane ɗan takara ya amsa mini guda ɗaya ce, kuma ba ta cikin fosta: shin ya taɓa tsayawa a gaban mai gidansa ya ce masa wannan sanarwa ba za ta fita da sunana ba, domin abin da ke cikinta ba gaskiya ba ne?

Bari in bayyana dalilin da ya sa na nace a kan wannan. Shekarun baya na yi aiki a sashen hulɗa da jama'a na wata hukuma, kuma an wayi gari wani aiki da aka yi ta yayatawa ya tsaya, jama'ar yankin suka fara ƙorafi a gidajen rediyo. Na zauna na rubuta takarda mai shafi biyu, na bayyana abin da ya faru, na ba da shawarar a gayyaci shugabannin al'umma a yi musu bayani, a kuma faɗi ranar da za a koma bakin aiki. Na shiga ofishin shugaban da takardar a hannu, ya karɓa, ya ɗora kofin shayinsa a kanta ba tare da ya buɗe ba, sannan ya ce in je in rubuta cewa aiki yana tafiya yadda aka tsara, kuma in tabbata an kawo isassun kujeru da lasifika don taron ranar Alhamis, tunda ni ne zan gabatar da manyan baƙi. Na fito ina kallon zagayen da gindin kofin ya bari a kan takardar da na kwana ina rubutawa. A ranar na gane cewa a idon wannan bawan Allah ni sanƙira ne mai albashi, kuma na gane wani abu da ya fi wannan ciwo: da na ƙi bin umarninsa ya mayar da ni wani sashe, babu wata ƙofa da na san zan ƙwanƙwasa a tsaya mini.

Wannan ƙofa ita ce ya kamata majalisar ta zama. Jami'in hulɗa da jama'a da yake ƙaramar hukuma ko asibitin gwamnati ko kwalejin ilimi ba shi da ƙarfin da zai ja da shugabansa shi kaɗai, amma idan ya san akwai cibiyar da za ta rubuta wasiƙa, ta aiko da wakilai, ta tunatar da shugaban cewa aikin nan yana da ƙa'ida kamar yadda aikin akawu da na injiniya suke da ita, zai samu ƙwarin gwiwar faɗin gaskiya. Mutumin da bai taɓa ɗanɗana wannan tsayuwa a rayuwarsa ta aiki ba, wanda duk tarihinsa na amshin shata ne, ban ga yadda zai yi ta a madadin wasu ba idan ya hau kujera.

Batun sojan gona shi ne wanda kowane ɗan takara yake saka wa a sahun farko na alƙawuransa, kuma na daɗe ina jin wannan alƙawari har na haddace kalmominsa. Doka ta riga ta ce sai mai rajista ne zai yi aikin, amma kowa ya san yadda ake naɗa masu magana da yawun manya a ƙasar nan: wanda ya yi fice wajen zagin abokan hamayya a Facebook, ko wanda ya yi suna cikin sojojin baka a rediyo, shi ne ake kira a ba shi ofis da mota. Idan ya yi ɓaranɓarama, jama'a ba sa bambance shi da mu, sai a ce ai masu hulɗa da jama'a ke nan, aikinsu wanke baƙin abu ya koma fari. Ba na son ɗan takara ya sake ce mini zai yaƙi sojan gona. Ina so ya faɗa mini da wa zai fara, shin da yaron da ya buɗe ƙaramin ofis a kasuwa yana buga katin gayyata, ko da gwamnan da ya naɗa wanda ba shi da rajista? Kuma ina so ya faɗa mini abin da zai yi wa wanda yake da rajistar, yana biyan kuɗinsa na shekara, amma ya fitar da sanarwar ƙarya a kan adadin mutanen da suka rasu a wani hari. A ganina wannan na biyun ya fi sojan gona ɓata mana suna, domin shi da hularmu ya fito.

Akwai kuma maganar yanki, wadda ba a cika furta ta a fili ba amma ita ce take yawo a kiran waya na dare. Ni ɗan Arewa ne, kuma ina so in ga 'yan Arewa a majalisar, ba don kara kawai ba. Wanda ya yi aikin wayar da kai a kan rigakafin shan-inna a Kano bayan takaddamar da ta tashi a kan rigakafin a 2003, ya ga yadda maganar hakimi da limami da shirin rediyo na Hausa suka yi abin da dogayen sanarwoyin Turanci suka kasa, yana da ilimin da ba a samu a ɗakin taro na otal a Legas, kuma cibiyar tana buƙatar wannan ilimi a teburin da ake tsara manhajar jarrabawa da horo. Sai dai zama ɗan Arewa bai isa hujja ba. Idan namu ya zo neman ƙuri'a, in tambaye shi sau nawa ya halarci taron reshen jiharsa a cikin shekara biyun da suka wuce, ɗalibai nawa na sashen koyon aikin jarida ya ja a jiki, kuma me ya sa ba a jin ɗuriyarsa sai kakar zaɓe. Wanda ya ƙaurace wa reshe alhali yana gari ɗaya da shi, da wuya ya tuna da shi bayan ya koma zama a Abuja.

Mu ma masu zaɓe akwai namu. Da yawa ba ma tuna kuɗin shekara sai an ce wanda ake bi bashi ba zai yi zaɓe ba, kuma a irin wannan lokaci ne mutum yake iya samun kira mai daɗi daga wani da yake tayin sauke masa nauyin. Duk wanda ya karɓi irin wannan tayi ya sani cewa ya sayar da bakinsa na shekara 2, wato tsawon wa'adin majalisar, kuma ba shi da ta cewa idan majalisar ta yi shiru a ranar da yake buƙatar ta.

Ni dai na biya nawa tun farkon shekara, rasidin yana cikin jakata. 'Yan takara uku sun kira ni zuwa yanzu, kuma kowannensu na yi masa tambayar nan ta sanarwar da ya taɓa ƙin sa wa hannu. Biyu sun yi dariya sun ce za mu yi magana idan mun haɗu a wurin taro. Ta ukun, wata baiwar Allah da ta shafe shekaru a wata ma'aikata, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ba ni labarin yadda aka ɗauke ta daga ofishinta aka kai ta ɗakin ajiyar fayil na wata bakwai. Na rubuta sunanta a bayan rasidin, sauran gurabe 16 kuma ina jiran kira.