Koriyar ba ta gama ba, Kawu

Kun dai san 'yar kwamfutar nan tawa, Raspberry Pi 4, wadda faɗinta bai wuce katin ATM ba, da na cika da gem ɗin ƙuruciyarmu, su Contra da Mario da Mortal Kombat. To ita ba ta da maɓallin kashewa. Komai nata a kan ɗan mitsitsin memori yake, kuma ko ka ga ta yi shiru, wataƙila rubutu take yi a kansa. Ka fizge waya a lokacin, in Allah ya so ka inda ka tsaya a gem kawai za ka rasa, in ba haka ba ta ƙi tashi ɗungurungum. Shi ya sa na kafa doka, har takarda na liƙa a bango: a fita daga gem da Select da Start, a shiga Quit, a danna Shutdown System, a jira koriyar fitila ta daina ƙyaftawa, sannan a taɓa soket. Ɗan yayata ya sha wannan wa'azi har ya haddace. Akwai ranar da na hana shi hannun gem kwana uku a kan haka.

Ranar Asabar aka kawo wuta bayan kwana biyu. Wayata saura kashi 2, ga mutumin da nake bi kuɗi ya ɗaga kira a karon farko cikin wata guda, ga soket ɗaya ne mai aiki a falon. Ban san sanda hannuna ya kai ba. Talabijin ta yi baƙi. Yaron bai yi kuka ba, da ma kukan ya yi. Sai ya ɗaga kai ya kalli takardar, ya kalle ni, ya ce a hankali, "Kawu, koriyar ba ta gama ba."

Muka mayar da waya, sai wasu fararen rubuce-rubuce suka yi ta gangarowa, daga nan tsit.

Washegari na nufi Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, ɗan yayata ma ya maƙale a baya. Yaron shagon ya soka memorin a laftof, ya girgiza kai, ya ce, "Baba, wa ya zare mata wuta tana aiki?" Baba fa. Ni da ban rufa 40 ba. Na gyara hula na ce ai ka san yaran yanzu. Sai ya juya kan ɗan yayata ya fara yi masa wa'azina, tiryan-tiryan, har da zancen fitila. Yaron ya nutsu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Na sani Yaya, ai Kawu ne ya rubuta mana dokar. Shi ne kuma ya zare."

Shagon ya yi shiru kamar an yi sallama da liman.

Akwai wani bawan Allah a kan benci yana shan rake, wanda ba wanda ya sa da shi. Ya tofar da ɓawo ya ce, "Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi ke nan." Ya kwashe da dariya har da buga cinya. Wallahi shi ya fi ƙona min rai. Mutumin da wayarsa da kyauro aka ɗaure ta, gilashin ya tsage kamar ƙasar fadama da rani, shi ne zai yi min karin magana? Bai tsaya nan ba, ya leƙa shagon maƙwabta ya sake ba da labarin, ya ƙara gishiri, wai na mari yaron. Da za mu fita ma sai da ya ce, "Alhaji, a jira koriya." In na sake ganinsa zan gane shi, yana da wushirya.

An sake zuba mata komai daga farko, duk inda muka kai a wata takwas ya tafi, don ban taɓa ajiye kwafi ba. Yaron shagon ya ce Pi 5 da ta fito a 2023 tana da maɓalli, in ina so. Na ce na ji.

Takardar tana nan a bango. An ƙara "har da Kawu" a ƙasa da biro, kuma rubutun ya fi kama da na uwargida. Mutumin da nake bi ma har yau bai turo kuɗin ba.