Sabon shiga a wasan ɗauri: nauyin tsaronsa yana wuyan tsofaffin hannu

Jama'a, a guruf-guruf na Telegram da WhatsApp a nan Legas akwai masu harkar da ake kira BDSM, kuma akwai Hausawa a cikinsu, daga Agege har Lekki, ko mun so ko mun ƙi. Manya ne ke amincewa ɗaya ya ɗaure ɗaya, ko ya riƙa ba shi umarni, ko ya ɗan doke shi, a matsayin wasan sha'awa. Wasu ma ma'aurata ne. Hukuncin abin a addini na malamai ne, su za a tambaya. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne sabon shiga, musamman ɗanmu ko 'yarmu, domin kunyar da aka raine mu da ita tana hana shi tambaya, mugu kuwa ya san haka. Wanda ba zai iya faɗa wa kowa inda ya tafi ba, shi ne ganimar maƙetaci. Don haka nake ganin duk wanda ya daɗe a harkar, ko yake shugabantar guruf, alhakin sabbin nan yana kansa.

A fara da ƙofa. Wanda bai kai shekara 18 ba ba ya da wurin zama, kuma ba a karɓar "wallahi na girma". A ga katin shaida da fuskar mai shi ta kiran bidiyo, a duba, a kuma bar shi da katinsa ba tare da an ajiye hoto ba. Bayan haka a kafa doka: tsohon ɗan guruf ba zai bi sabon shiga ta saƙon sirri ba sai da izininsa a fili. Yawancin ɓarna daga nan take farawa. Mutum ya shigo yau, kafin gobe mutum biyar sun ce za su "koya masa". Wanda ya ce wa sabuwa "mai biyayya ta gaskiya ba ta da iyaka", ko "kada ki yi magana da sauran, ni kaɗai ne malaminki", ko ya nemi hoton tsiraici a matsayin shaidar biyayya, a fitar da shi ranar. Mai gaskiya ba ya jin haushi idan aka ce za a tambayi waɗanda suka taɓa hulɗa da shi.

Haɗuwar farko a yi ta da rana, a wurin cin abinci mai jama'a, a yi hira kawai a watse. Kowa ya zo da kuɗin motarsa, kada a yarda a zo ɗauka daga gida. Mutanen Legas ba su manta da 2012 ba, lokacin da aka yaudari wata ɗaliba ta Facebook, ta taso daga Arewa, aka sa mata ƙwaya a abin sha, aka ɗaure ta, aka kashe ta a wani otel a Festac. A 2017 kotu ta yanke wa biyu daga cikin waɗanda suka aikata hukuncin kisa. Abin da ya faru da ita ba shi da alaƙa da wannan harka, amma hanyar da aka bi ita ce dai wadda ake bi da sabbin shiga. Saboda haka ranar da za a keɓe, dole wani amintacce ya san sunan mutumin, lambarsa, adireshin wurin da lambar ɗaki. A tura masa wurin da ake ta WhatsApp kai tsaye, a sa lokacin kira, misali ƙarfe tara, a kuma yi yarjejeniya kan wata kalma ta yau da kullum wadda idan aka faɗe ta ma'anarta "zo da taimako". Idan sabon ba shi da wanda zai iya faɗa wa, to aikin shugabannin guruf ne su samar masa.

Kafin a taɓa igiya, a zauna da tufafi a jiki a yi magana. Me ake so, me aka haramta, ina ne ba a taɓawa, an yarda a bar tabo ko a'a. A tambayi lafiya dalla-dalla: asma, farfaɗiya, hawan jini, ciwon suga, juna biyu, da sikila, wadda take da yawa a cikinmu kuma matse jijiyoyin jini na iya tayar da ita. Abin da ba a ambata a zaman nan ba, ba a ƙara shi a tsakiyar wasa, domin wanda ke ɗaure ba ya cikin halin yin ciniki. Kalmar tsayawa kuwa, mafi sauƙi ita ce ta fitilar hanya: kore a ci gaba, ruwan ɗorawa a sassauta, ja a tsaya nan take. Idan akwai abin da zai hana magana, a ba shi makullai ya riƙe, da ya sake su an gama. Ina ƙara jan hankali a nan, domin mu an koya mana kawaici. Sabuwar da ta taso da "ba a musu da babba" za ta iya cije baki tana shan wuya ba ta ce ja ba. Mai riƙe da iko shi zai riƙa tambaya, shiru kuma a ɗauke shi a matsayin a tsaya. Giya, tramadol, kodin, wiwi, duk babu su a ranar.

Yanzu igiya, inda jahilci ya fi yin illa. Mutane suna tsoron tsayawar jini, alhali abin da ya fi saurin lalacewa jijiyar motsi ce. Akwai wadda ta zagaya ta bayan dantse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu; idan igiya ta danne ta, cikin mintuna hannu zai iya saki, mutum ya kasa ɗaga tsintsiyar hannunsa na makonni ko watanni. A nisanci hammata, gwiwar hannu, bayan gwiwa da makwancin cinya. Yatsu biyu su iya shiga ƙarƙashin igiyar, kullin kuma ya zama wanda ba ya zarcewa idan an ja. Igiyar auduga mai kaurin milimita 6 zuwa 8 ta fi ta shanya ko ta leda, wadda ke ƙona fata. Robar ɗaure waya da ankwar kasuwa mai arha ba kayan wasa ba ne, ƙara matsewa suke yi. Duk bayan 'yan mintuna a ce ya motsa yatsu, ya ɗaga babban yatsa. Da ya ji kamar lantarki ko wani sashe ya mutu, a kwance, ba a jira. Almakashi mai dakusasshen baki, irin na asibiti, ya kasance inda hannu zai kai, tare da tocila, don a garin nan wuta na iya ɗaukewa a kowane lokaci. Ba a barin ɗaurarre shi kaɗai ko da na zuwa buɗe ƙofa ne. Ratayewa sama kuwa ba ta sabon shiga ba ce sam.

Shaƙe wuya babu hanyar yin sa lafiya. Danne jijiyoyin gefen wuya na sa suma cikin daƙiƙa goma ko kusa da haka, kuma jijiyar na iya tsagewa ta ciki, shanyewar jiki ta biyo baya bayan kwanaki. Wanda aka shaƙe sannan muryarsa ta dushe, ko haɗiya ta yi masa wuya, ko kansa ya riƙa sarawa, asibiti zai tafi a ranar. Duka kuma a tsaya kan wuri mai tsoka, a bar ƙashin baya, wuya, da gefen ƙugu ta baya inda ƙoda take.

Bayan an gama, ruwa, mayafi, ɗan abu mai zaƙi, a zauna tare. Kwana ɗaya ko biyu bayan nan wasu kan faɗa cikin ƙunci da nadama, don haka a kira a ji lafiyarsu.

Hoto shi ne tarkon da ya fi kama mutanenmu, domin barazanar "zan tura wa iyayenki a Kano" ta fi wuƙa kaifi. Wayoyi su zauna a jaka. Wanda aka riga aka yi wa barazana kada ya biya, biya ba ya ƙarewa. Ya adana saƙonnin, domin Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta haramta irin wannan. Wanda kuma aka ƙetare masa iyaka bayan ya ce a tsaya, cin zarafi aka yi masa, amincewar farko ba ta wanke mai laifin. Akwai Cibiyar Mirabel, mai kula da waɗanda aka yi wa cin zarafin jima'i, a cikin asibitin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja, akwai DSVA, hukumar jihar Legas mai yaƙi da cin zarafi a gida da na jima'i, lambobin gaggawa kuma 767 da 112. Maganin kariya daga HIV dole a fara shi cikin awa 72 da faruwar abin, a sha na kwana 28. Shugabannin guruf su manna waɗannan bayanai a saman shafi, inda sabon shiga zai gan su tun ranar da ya shigo.